Gefen Ƙwaryar da Kezia Ta Sha

"Ɗauki zobenka, Othniel."

Zoben ya faɗi a simintin tsakar gida, ya yi ta mirginawa har ya tsaya a gefen takalminsa. Da hannun hagu Kezia ta jefa shi, domin na daman ya daina yi mata biyayya.

"Kezi, don Allah ki bari in yi magana..."

"Kwana goma sha ɗaya! Ina kwance a ɗakin nan kamar kayan wanki, kai kana Jimeta. Ba Legas ba, ba Abuja ba, Jimeta! Keke napep ɗaya tsakaninmu. Sai yau ka tuna hanyar Yola?"

Maganar ba ta fita yadda take so ba. Ɓarin fuskarta na dama ya saki, leɓe ya zubo ƙasa, kalmomin suna fitowa a tauye, yawu na bin bayansu. Ta sa hankici ta goge haɓarta da ƙarfi, kamar mai goge ƙazantar wani.

Ya sunkuyar da kai.

"Ɗago ka kalle ni, ango. Ko sai na kawo maka bokiti tukuna?"

"Kezia!"

"Na ji ka ranar. Ka shigo, ka ga kunnena da wuyana, ka fita a guje. A bayan tankin ruwan Gogo ka yi. Bango ɗaya ne tsakaninmu, duk na ji, har kurkure bakin da ka yi."

"Ba abin da kike zato ba ne..."

"Amai ne, Othniel. Bayoloji nake koyarwa, na san amai."

Ta shige ɗaki ta banko ƙofa. Ta daɗe tana jin tsayuwarsa a waje, sannan ta ji takunsa yana nisa, takun nan mai ɗan ɗingishi da ta sani ko a cikin mutum dubu. Bai ɗauki zoben ba. Gogo, tsohuwar Bafulatanar da Kezia take haya a gidanta, ita ta taso daga kan tabarma ta tsince shi, ta hure ƙurar, ta ƙulle a bakin zaninta.

Abin ya fara ne saura mako shida ɗaurin aure. Zafi a cikin kunne, kamar an zuba mata barkono. Washegari ƙuraje masu ruwa suka feso a bayan kunnen, suka gangaro wuya har kafaɗa, duk a ɓari ɗaya. Othniel yana Ganye a lokacin, ofishinsu na aikin gona ya tura shi rabon iri. Sai ta je ta nuna wa mahaifiyarsa, Mama Hadassah, shugabar Zumuntar Mata ta cocinsu.

"Fitsarin gizo-gizo ne," in ji Mama Hadassah, tana leƙawa daga nesa, hannu a hanci. "Ba ciwon asibiti ba ne."

"Mama, da dai na je likita ya duba..."

"Ki je wa ya gan ki? Rabin nas-nas ɗin asibitin nan 'yan cocinmu ne. Kin san abin da mutane ke faɗa in suka ga irin ƙurajen nan a jikin matashiya? Ƙanjamau! Saura mako shida, an riga an yi sanarwa sau ɗaya a coci, kina so ki ja mana magana? Durƙusa nan."

Kuma ta durƙusa.

Wannan ne abin da Kezia ta kasa yafe wa kanta. Ita da ke da digiri, ita da ke tsayawa gaban ɗalibai sittin tana zana musu jijiyoyin jikin mutum a allo, ita ce ta durƙusa a bayan kicin aka kwaɓa toka da makilin aka lafta mata a kan gyambo, aka zagaye da gawayi wai don kada ya yaɗu. Don kawai a ce surukar gidan tana da ladabi. Kwana tara tana ɗaure kai da ɗankwali har wuya, tokar na bushewa tana tsagewa, ruwa mai wari na tsatsowa ta ƙarƙashi.

Rana ta goma ta tashi za ta kurkure baki, ruwan ya zubo mata a ƙirji. Ta duba madubi. Wata mata ce a ciki, ido ɗaya a buɗe ba ya ƙiftawa, baki a karkace. Ta ɗaga hannun dama za ta taɓa fuskar, hannun ya tsaya a hanya, ya koma ƙasa da kansa.

Gogo ce ta sa ta a keke napep.

Likitan, wani dogo mai suna Hamajoɗa, ya daɗe yana kallon tokar kafin ya yi magana.

"Malama, kin taɓa yin ƙarambau kina yarinya?"

"Na yi."

"To ƙwayar cutarsa ce. Ba ta barin jiki, kwanciya take yi a cikin jijiya shekara da shekaru, ranar da jiki ya gaji sai ta farka. Ta ƙona miki jijiyar fuska da wadda ke ɗaga kafaɗa. Akwai magani, amma a kwana ukun farko ya fi aiki. Ina kika shiga kwana tara?"



"Za ta dawo?" ta tambaya daga baya. "Fuskar?"

"Wani abu zai dawo. Ba zan yi miki alkawarin duka ba."

Ta sa aka sake yi mata gwajin ƙanjamau a ranar, ba don tana shakka ba. Takardar ta fito tas, kamar wadda suka kai wa kwamitin aure na coci wata biyu da suka wuce. Ta ninke ta ta sa a cikin Littafi Mai Tsarki.

Kwana biyu bayan haka Othniel ya dawo daga Ganye, ya shigo ɗakinta da ledar lemo, ya ga abin da ya gani, ya fita bayan tanki.

An ɗage aure. Wata uku, in ji dattawa, a ga yadda jiki zai yi.

Gyambon ya bushe ya bar tabo kamar na ƙuna, amma zafin bai tafi ba. Iskar fanka in ta taɓa wuyanta sai ta ji kamar an ja mata reza. Bakin riga ma azaba ne. In za ta kwanta sai ta ɗiga magani a idon, ta ja fatar da yatsa ta rufe, ta manne da filasta. Abinci ya koma kamar takarda a rabin harshenta, tuwo yana maƙalewa a kumatu sai ta sa yatsa ta zaƙulo. Ta daina ci a gaban kowa. Ta juya madubin ɗakin ya kalli bango.

Amma makaranta ba ta daina zuwa ba. Shugaban makarantar ya ce ta ɗauki hutu, ta ce ba ta nema ba. Ta koyi riƙe alli da hagu, rubutun yana fita kamar tafiyar kaza. Ranar farko wata ɗaliba ta kwaikwayi bakinta a bayan aji, aka yi ƙus-ƙus ana dariya. Kezia ta juyo, ta zana fuskar mutum a allo, ta ja jijiyar tun daga kunne har leɓe.

"Tunda kuna son kallo, ku kalla da kyau. Wannan jijiyar ce ta mutu a nan." Ta nuna kumatunta. "Ku zana. Zai fito a jarrabawa."

Ba wanda ya sake dariya.

Kowace Talata da Alhamis tana asibiti wajen masu gashin ƙashi da motsa jiki. Sauran ranakun Gogo ce ke ɗumama man shanu a murfin kwano, ta zaunar da ita bayan la'asar, ta yi ta murza mata kafaɗa da kumatu da yatsunta masu kaushi.

"Hura," Gogo za ta ce, ta miƙa mata tsinken kara a kofin ruwa. "Hura, ɓingel am. Kai malama ne, ba ka iya hura ruwa?"

Gogo ba ta raba "kai" da "ke" a Hausarta, kowa "kai" ne. "Ɓingel am" kuwa "'yata" take nufi da Fulatanci.

Shi kuwa Othniel, tun washegarin ranar zobe, kullum ƙarfe biyar in ya tashi aiki sai ya zo ya zauna a dakalin ƙofar gida. Ba ya aike, ba ya ƙwanƙwasawa. In aka kira magariba a masallacin unguwa sai ya tashi ya tafi.

"Mutumin ka yana waje," Gogo za ta ce.

"Ya yi ta zama, Gogo. Dakalin ba nawa ba ne."

In ta leƙa ta labule ta gan shi, sai ta saki labulen da ƙarfi. Domin ta san ƙafar nan da yake miƙewa a dakalin. Ta san ta fiye da uwar da ta haife shi.

Shekara tara ke nan. Suna ɗalibai a Mubi ranar da 'yan bindiga suka shigo garin, kowa ya fantsama daji da kayan jikinsa. Ba ta ma san sunansa ba a lokacin. Ta same shi a cikin gonar dawa, wani ƙarfe ya tsarge masa ƙwauri, abokansa sun wuce. Kwana biyar tana jan sa a kafaɗarta, wannan kafaɗar ta dama. A kwana na huɗu raunin ya fara wari, da ta kwance tsumman sai ga tsutsa fari fat suna motsi. Da fil ɗin ɗankwalinta ta tsince su ɗaya bayan ɗaya, ta wanke da ruwan rafi, ta yaga siket ɗinta ta ɗaure.

Wannan mutumin ne ya ga ƙurajenta ya yi amai.

Wata na uku na ƙarewa, ranar wata Asabar da hantsi, Mama Hadassah ta zo. Ta ƙi zama a kujerar ɗakin, ta ƙi ruwan da Gogo ta kawo. Ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta a ƙirji.

"'Yata, jiki ya yi kyau. Mun gode wa Ubangiji."

"Sannu da zuwa, Mama."

"Yaron nan ya ƙi ci ya ƙi sha, ya ce ke ko babu. To mun haƙura, za a yi. Baba Absalom, yayan babansa, ya sa ranar shan ƙwarya, Asabar ta sama ta biyu. Amma akwai gyara."

Kezia ta san shan ƙwarya. Al'adar dangin su Othniel ce tun daga ƙauye, ba a zuwa coci sai an yi. Amarya ta dama kunun gyaɗa da hannunta, ta zuba a sabuwar ƙwarya, ta sha a gaban dattawa, sannan ta taka har inda ango yake zaune ta miƙa masa da hannu biyu. In ya sha, dangi sun karɓe ta. In ya ajiye, magana ta mutu.

"Wane gyara, Mama?"

"Za mu lulluɓe ki da babban gyale, ki zauna a gefe. Debbie ƙanwarsa za ta ɗanɗana a madadinki, ita za ta miƙa. Kin ga, bakin nan... kada ya zubo a ciki a gaban mutane. Kuma hannun. Ba za ki miƙa wa ɗana abu da hagu a gaban kawunnansa ba, zagi ne. Hoto kuma mai hoto ya ce zai iya ɗaukarki ta gefe ɗaya."

 Kezia ta kalli hannun matar, zobba uku da agogon gwal, hannun da ya kwaɓa toka.

"Mama, wa ya ce kada in je asibiti?"

"Ah-ah! Yanzu ni za ki ɗora wa? Taimako na yi..."

"Na durƙusa kin shafa mini toka don kada mutane su yi magana. Ga abin da ya fito. Yanzu kuma in sake durƙusawa ki lulluɓe abin da tokar ta yi, don kada mutane su yi magana." Yawu ya taru a gefen bakinta, ba ta goge ba, ta bar shi ya gangaro matar tana kallo. "Sau ɗaya ake yi mini haka. In zan sha ƙwarya, da bakin nan zan sha. In ba haka ba, ɗanki ya auri Debbie."

"Yesu! Ji bakin yarinya!"

"Shi ne dai bakin, Mama. Karkatacce ne, amma yana aiki."

Matar ta fita tana tofar da yawu a gindin zogale. Gogo ta bi wurin da buta ta wanke, tana magana da Fulatanci ƙasa-ƙasa.

Da yammar ranar Kezia ta fita dakali da kanta. Othniel ya miƙe da sauri har ya kusa faɗuwa.

"Zauna. Kai ka aiko ta?"

"Wa? Mama? Ban ma san ta zo ba, na rantse..."

"Tambaya ɗaya zan yi maka, kada ka yi mini wa'azi. Ranar nan, ƙyamata ka ji ko ba ka ji ba?"

Ya kalli ƙafarsa.

"Na ji."

Ta ɗauka ta shirya, amma sai da kalmar ta soke ta.

"Na gode da ba ka yi ƙarya ba." Ta juya za ta shiga.

"Warin ne, Kezi. Ina shiga ɗakin na ji warin gonar dawa. Warin ƙafata. Shekara tara ban iya wucewa ta layin mahauta a kasuwa ba, ban taɓa faɗa miki ba. Na ga ruwan yana tsatsowa ta cikin gyambon, sai na ga tsutsa, alhali babu tsutsa. Cikina ya juya kafin in san inda nake."

"Ni da na tsince su da hannuna fa? Na yi maka amai?"

"Kin yi."

Ta juyo a fusace. "Me ka ce?"

"Sau biyu. A bayan wata tsamiya, bakin rafin. Kin ce za ki ɗebo ruwa. Ina kwance ina jin ki, kina yi kina kuka kina cewa, 'Ya Allah, ban ma san shi ba, me ya haɗa ni da ruɓaɓɓen mutum?'"

 Tsamiyar ta dawo mata, da ɗacin da ya cika mata baki, da yadda ta goge hannunta a ƙasa har fata ta saɓule. Shekara tara tana ba kanta labarin nan, ta cire wannan wurin.

"Na ce a raina ta tafi ke nan," in ji shi. "Sai na ji takunki. Ko minti goma ba ki yi ba kika dawo, da fil a hannu. Ni kuwa kwana goma sha ɗaya na yi. Kunya ta hana ni, kullum in ce gobe. Aman ba shi ne laifina ba, masoyiyata. Daɗewar ce. Ita nake biya a dakalin nan, kuma ban ce na gama biya ba."

Idonta na dama, wanda ba ya rufuwa, ya fara zubar da ruwa. Ta ce a ranta ai dama kullum yana yi.

"Uwarka ta ce a lulluɓe ni, Debbie ta sha."

"Ke me kika ce?"

"Na ce ka auri Debbie."

Dariya ta kuɓuce masa, ya toshe baki.

"Kada ka yi dariya, ban yafe ba. Zan zo ranar. Fuskata a buɗe. Zan sha, zai zubo, kowa zai gani. In ka kau da kai ko sau ɗaya, Othniel, ko ƙiftawar da ban yarda da ita ba, zan kife ƙwaryar a ƙasa in hau keke in dawo. Kuma kada in sake ganinka a dakalin nan."

"Na ji."

"Ba ji nake so ba."

Kwana goma sha huɗu suka rage. Gogo ta sauko da ƙwaryar nononta daga rataye. Ranar farko babu komai a ciki, Kezia ta ɗaga da hannu biyu zuwa ƙirji, hannun dama ya yi rawa ya saki. Suka sake. Rana ta huɗu aka zuba ruwa rabi. Rana ta takwas aka cika, tana takawa daga ƙofar ɗaki zuwa gindin zogale, taku goma sha biyu, kafaɗar na ci da wuta, ruwan na fallatsa mata a zani.

"Sake," in ji Gogo.

"Gogo, na gaji!"

"Gajiya ba ya kashe mutum. Munyal, ɓingel am, haƙuri. Sake."

Har ranar ƙarshe ba ta taɓa kai taku goma sha biyu ba tare da hannun ya saki ba. Goma ne iyakarta.

Gidan Baba Absalom, yayan mahaifin Othniel, yana Jimeta ta wajen Jambutu. An kafa rumfa a tsakar gida, kujerun roba sun cika, 'yan Zumuntar Mata sun yi anko. Mahaifiyar Kezia ta zo daga Ngurore da 'yan'uwanta, Gogo ma ta zo ta zauna can gefe da carbinta, ita kaɗai da hijabi a cikin taron.

A bayan kicin Mama Hadassah ta tare ta da wani ƙaton gyale mai ruwan gwal, Debbie na tsaye a bayanta tana wasa da yatsu.

"'Yata, don girman Allah, ko rabin fuskar..."

"Matsa, Mama. Kunun zai huce."

Ta fito.

Surutun rumfar ya mutu kamar an ɗauke wuta. Ta ga idanu suna sauka a kan bakinta, a kan tabon wuyanta, suna gudu, suna dawowa. Wata mata ta ja ɗiyarta jikinta. Wani ya ce "Kai!" a hankali. Kezia ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, mutanen da ta yi shekaru tana rera waƙa da su a coci, ta ji ƙyamarsu ta fi wadda suke ji mata.

Ta tsaya gaban dattawa ta rusuna. Baba Absalom, tsoho mai farin gashi da sandar ƙarfe, ya gyaɗa kai.

"Sha, 'yata."

Ta ɗaga ƙwaryar ta kafa baki. Kunun ya shiga ta hagu, ya fito ta dama. Ya gangaro haɓarta, fari, mai kauri, haɗe da yawu, wani ya ɗiga a rigarta, wani ya koma cikin ƙwaryar. A fili, kowa ya gani.

"Tir!" wata ta ce daga baya. Aka ji ƙarar kujera, wani ya tashi ya fita.

Ba ta goge ba. Ta juya wajen Othniel. Yana zaune a kujerar ango can ƙarshen rumfa, kuma tun daga nan ta ga nisan ya yi yawa. Ya fi taku goma sha biyu.

Ɗaya. Biyu. Kafaɗar ta fara. Biyar. Shida. Yatsun dama suna sanyi, ba ta jin ƙwaryar a cikinsu. Takwas. Kunun na rawa yana taɓa baki. Tara. Goma...

Hannun ya fara sauka.

Ango ba ya tashi a shan ƙwarya. Ko kakansa bai tashi ba. Zama yake yi a kawo masa.

Othniel ya tashi. Da ɗingishinsa, a gaban kawunnansa, ya tako sauran takun, ya zube gwiwa biyu a ƙasa cikin farar shaddarsa, daidai inda hannunta ya iya kaiwa. Ƙwaryar ta sauka a tafinsa, hannayenta biyu suna riƙe da ita har lokacin.

"Othniel! Tashi! Wane irin abin kunya ne wannan?" Muryar uwarsa ce.

Bai waiwaya ba. Idonsa na kan fuskar Kezia, kan haɓar da kunu ke ɗiga. Ta zuba masa ido tana jiran ƙiftawar. Ta ga maƙogwaronsa ya motsa sau ɗaya, ta ga ya haɗiye, ta san abin da ya haɗiye. Amma bai kau da kai ba.

Ya juya ƙwaryar a hankali, ya wuce gefen da yake da tsabta, ya nemo inda bakinta ya taɓa, inda kunun ya zubo ya bar sawu. Nan ya kafa nasa bakin. Ya sha, ya sha, bai sauke ba sai da ya ga gindinta. Sannan ya kife ta a ƙasa, babu ko ɗigo.



Baba Absalom ya buga sandarsa a ƙasa.

"Ta sha, ta miƙa da hannu biyu, ya shanye. Ni abin da na gani ke nan. Wanda ya ga wani abu daban ya zo ya faɗa mini." Ya waiwaya. "Hadassah, ke ce uwar ango. Guɗar fa?"

Guɗar ta fito siririya, kamar an matse ta. Sai mahaifiyar Kezia ta karɓe da tata, mai ƙarfi, tana kuka, 'yan Ngurore suka ɗauka gaba ɗaya.

Gogo ta taso a hankali ta ratsa rumfar, ta kwance bakin zaninta, ta ajiye zoben a hannun Othniel.

"Wata uku ina ɗauke da kayan ka. Karɓi, ya ishe ni."

Yana durƙushe har yanzu. Ya kama hannun hagunta, ta janye, ta miƙa masa na daman, mai rawar.

"A nan za ka sa. Shi ya yi aikin."

Ya sa. Ya zaro hankici zai goge mata haɓa, ta riƙe hannunsa.

"Bari tukuna. Ina mai hoton?"

Mai hoton ya matso yana zagayawa ta hagunta, yana neman gefen da aka ce masa.

"Ba nan ba," in ji Kezia. "Dawo ta gaba. Mama, zo ki tsaya kusa da ni, nan, ta dama. Ai aikinki ne, ya kamata ki fito a ciki."

Mama Hadassah ta zo ta tsaya, fuska kamar an jiƙa ta. Othniel ya miƙe ya riƙe kafaɗar matarsa a hankali, inda ba ya zafi.

"Amarya, ɗan murmushi," in ji mai hoto.

Ta yi. Rabi ne ya tashi, rabin ya tsaya inda yake. Ta bar shi haka, ta kalli kyamarar ido cikin ido.